Makullin Ɗakin Jude

Tudun Wada, Zariya
Oktoba

Zuwa ga jikata Rauda, amaryar da ta gudu ƙasar Jamus ta bar tsoho da ɗumame,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce ba ta son tashi da safe sai na lallashe ta. Kunne kuwa kin san halinsa, shi ya sa har yau na fi son takarda a kan waya. Na je gai da kakarki Hajiya Jannatu a Tudun Jukun, ta ce in gaya miki kin rame a hoto. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙanwa ne, wato ke da ni akwai 'yar tazara, amma duk dangi ke kaɗai kike rubuto mini, saboda haka ke ce ta kusa.

Wasiƙarki ta iso. Chinazam, mai shagon kayan masarufi da ke kallon ƙofarmu, ita ta kai wayarta unguwar Kongo aka buga mini da manyan baƙaƙe kamar yadda ta saba. Wannan ma ita za ta ɗauki hotonta ta tura miki.

A ƙarshen wasiƙar kin ce kun je silima da 'yan ajinku, kun ga sabon fim na yaƙi wanda aka ce maimaicin wani tsoho ne, labarin mai ɗinkin takalmi da maƙwabcinsa mai gyaran agogo. Layi biyu kawai kika ba shi, kika wuce zancen tsadar albasa. Rauda, na ajiye takardar na daɗe ban ɗauka ba. Na ga tsohon. Da idona na gan shi, a filin makarantar firamare ta nan unguwarmu, da daminar shekarar sittin da shida, ina saurayi sabon fitowa daga kwalejin horon malamai.

Wani Bajamushe injiniyan famfo da ke zaune a Kongo ne ya zo da shi cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faranti. Aka ari motar majigi, aka kafa farin ƙyalle bayan magariba. A zamanin, in an nuna fim na wani harshe, mutum ɗaya ake ba lasifika ya tsaya gefe yana faɗa wa jama'a abin da ake cewa. A unguwarmu abokina Jude ne ke wannan aiki. Ibo ne, amma a Zariya aka haife shi, ubansa ma'aikacin reluwe, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. In hafsan soja ya daka tsawa, sai Jude ya ce, "Ya ce wa ya sha masa koko?" Fili ya ɗauki dariya.

Ga labarin yadda na riƙe shi. Baƙi da fari ne. Gari ne a bakin kogi. Mai takalmi Bajamushe ne, mai agogo kuwa baƙo ne a cikinsu ko da yake a nan aka haife shi. Akwai kyanwa da ke kwana a tagar mai agogo. Yaƙi ya zo, aka ce su mai agogo su bar gari. A tashar jirgin ƙasa mai takalmi ya miƙa hannu ya ce, "Kawo makullin in riƙe maka." Mai agogo ya ba shi ya ce, "Ka riƙa buɗe taga, ka share, kada gara ta ci ƙofa. Zan dawo." A nan babu wanda ya yi dariya. Daga baya aka ɗauki mai takalmi soja, ya rataya makullin a wuya da igiyar takalmi, ya shiga ƙanƙara da shi, ya kwana a rami da shi, abokansa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a nuna jini da yawa ba. Sai dai ki ga hula a ƙasa, ki san mai ita ya tafi. Ya dawo da ƙafa ɗaya. Ƙarshen fim, ya buɗe ƙofar maƙwabcinsa, ya ɗauki tsintsiya. Shi ke nan.

Ki ba ni labarin sabon dalla-dalla. Sun bar kyanwar?

Kakanki,
Malam Kailani

*

Hambug, Jamus
Oktoba

Zuwa ga Malam Kaka, angon da bai taɓa kawo cefane ba,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, kuma ban rame ba, hasken ƙasar nan ne ba shi da kirki. Ka riƙa shafa wa gwiwar man da likita ya ba ka, ba wanda ake tallarsa a mota ba. Ka gai da Anti Chinazam, Allah ya saka mata.

Kaka, na yi mamaki ƙwarai. Saboda kai na koma na sake kallon sabon ni kaɗai, da biro a hannu. Mai launi ne, kuma dogo, har bayana ya gaji. In igwa ta tashi kujerar da kake kai sai ta girgiza. Sun nuna komai: laka, jini, ƙafar da aka yanke, yaran da aka sa wa kakin da ya fi su girma. Babu kyanwa, kare suka sa. Mai takalmin kuma saurayi ne kyakkyawa, irin wanda 'yan matan ajinmu suka yi ta magana a kansa a hanyar gida.

Amma ga inda na tsaya. A sabon, ba riƙon amana ba ne. A tasha mai takalmi fizge makullin ya yi, sojoji suna tura su mai agogo cikin taragon dabbobi. An nuna inda aka kai su, an nuna abin da aka yi musu, ba zan rubuta maka ba. Mai takalmi ya tare a gidan, ya sayar da agogunan. Makullin da ya rataya a wuya, tsoro yake kada wani ya riga shi. Da ya dawo daga yaƙi ya tsaya a kan gada ya yi kuka mai tsawo da kiɗa a bayansa, ya jefa makullin cikin kogi.

Wata 'yar ajinmu ta ce ta je da kakarta, tsohuwar ta tashi ta fita tun ba a kai rabi ba. Ba ta ce fim ɗin ƙarya ba ne. Cewa ta yi ya cika surutu.

Wataƙila masu sabon ne suka juya labarin, don na ji an ce sukan yi haka. Na nemi tsohon a intanet ban samu ba. An ce sai a wani gidan adana finafinai a wani gari, kuma sai an nemi izini an ba ka rana.

Jikarka mai tsada,
Rauda

*

Tudun Wada
Nuwamba

Rauda,

Sallama da gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai dai na zame a banɗaki makon jiya, goshi ya ɗan fashe. Ba wani abu ba ne, amma ya jawo mini magana.

Adnan ya zo daga Kaduna. Kin san shi, ɗan ƙanena marigayi, mijin Hanifa, shi ne mai ɗawainiya da ni tun rasuwar matata Lauratu. Yaron kirki ne, ba na ƙin faɗa. Ya ga goshin, ya ga butar shayi da na manta a kan wuta har gindinta ya ƙone, kuma wani ya tsegunta masa cewa ran nan na kira Chinazam da sunan Lauratu. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Baba, ɗaki na nan mun gyara, Hanifa ta sa labule. Me kake tsaro a gidan nan?"

Na ce masa ina da ajiya.

Ya ce, "Ajiyar mutumin da rabonka da shi tun ba a haifi babana ba?"

Don in kawar da zancen sai na ɗauko labarin fim ɗin, na ce dubi Jamusawa ma sun san riƙon amana. Ashe ya ga sabon a kwamfutarsa. Ya yi murmushin nan da ake yi wa yara da tsofaffi ya ce, "Baba, ai mutumin ɓarawon gida ne. Ka haɗa labari biyu ne. Yana faruwa, shekaru ne." Raina ya ɓaci. Na ce masa a gaban Chinazam, wadda ta shigo da ruwan zafi, in aka nemo tsohon aka ga ba yadda na faɗa yake ba, to na yarda kaina ya fara zuba, zan bi shi Kaduna ba musu. Ya ce ya ji. Chinazam ta ce, "Baba, ka cika saurin rantsuwa kamar direban tasha."

Yanzu bari in gaya miki ajiyar, don ban taɓa ba ki labarin ba. Ɗakin da ke jikin zaurenmu, mai ƙofa a waje, wanda kika taɓa tambayata me ya sa kullum yake rufe, na Jude ne. Haya yake yi wurin mahaifina, yana gyaran rediyo. Ba a daɗe da nuna fim ɗin ba gari ya sake rikicewa, aka far wa Ibo, rikicin da ya fi na farkon shekarar muni. Ba zan ba ki labarin abin da na gani a hanyar tasha ba. Mahaifina ya ɓoye Jude a rumbu, da aka sami sarari na ɗaukar masa akwatinsa na ƙarfe muka tafi. A bakin jirgi na rasa abin da zan ce. Sai na miƙa hannu na ce, "Kawo makullin in riƙe maka." Ya dube ni, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ka riƙa buɗe taga, ka share, kada gara ta ci ƙofa. Zan dawo."

Da yaƙin basasa ya ƙare mutane da yawa sun dawo, wasu sun sami ɗakunansu, wasu ba su samu ba. Na yi ta tambaya a Sabon Gari, duk motar da ta zo daga gabas. Babu wanda ya san inda ya faɗa. Na sake wa ɗakin rufi sau biyu. Lauratu ta so ta sa kaji a ciki, muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, daga baya ita ce ma take sharewa in ba na nan. An ba ni canjin aiki zuwa Jos na ƙi.

Game da sabon fim ɗinku, ga ra'ayina. Mutanen yanzu ba su yarda mutum zai iya riƙe kayan wani ba, sai suka sake fim ɗin don ya yi daidai da zuciyarsu. Sun ƙara launi, sun ƙara ƙara, sun cire mutumin.

Ki nemi izinin nan, ki je ki gano mini. Ba don Adnan kaɗai ba. Ni ma ina so in sani.

Kakanki

*

Cikin jirgin ƙasa
Disamba

Kaka, gaisuwa a gurguje. Na je, na gani. Ba haka labarin yake ba. Wayata na shirin mutuwa, gobe kuma ina da jarrabawa. Dogon bayani na nan tafe.

Rauda

*

Tudun Wada
Disamba

Rauda,

Ina gaisuwa. Ban san ranar da wannan za ta same ki ba. Chinazam ta rufe shago ta tafi garinsu bikin Kirsimeti, ta tafi da wayarta, saboda haka babu mai kawo mini taki, babu mai tura miki tawa. Ina rubutawa ne don hannu ya sami abin yi.

Gajeren saƙonki shi ne na ƙarshe da ta buga mini kafin ta tafi. Na gode da ba ki yi mini kwana-kwana ba. Dogon bayanin ma ba sai kin wahalar da kanki ba, na san irinsa. Za ki ce shekaru ne, yana faruwa, in riƙa cin kifi.

Abin da ya dame ni ba Kaduna ba ne. In abin da na fi tabbata da shi a duniya, wanda zan iya zana miki shi hoto bayan hoto, ya zama ban gan shi ba, to me kuma na gani? Jiya na zauna ina ƙoƙarin tuna muryar Lauratu, sai na ji tsoro ko ita ma ni na ƙirƙira. Na tashi na buɗe ɗakin Jude na taɓa bencinsa, na taɓa ƙwarangwal ɗin rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba, don in tabbatar an yi mutumin. Bencin na nan. Akwai wurin da ƙarfen dalma ya ƙona shi, na sa yatsa a ciki.

Unguwa ta yi shiru da rufe shagon nan. Ban san yawan maganar da nake yi da yarinyar nan ba sai da ta tafi. Daga masallaci sai gida.

Na aika wa Adnan ta hannun liman cewa ya zo ƙarshen watan gobe da mota. Na yi magana a gaban shaida, ba zan janye ba.

Kakanki

*

Hambug
Disamba

Kaka na kaina,

Ina fata gwiwa da goshi sun yi sauƙi. Jarrabawa ta wuce, ban san ko ni na ci ta ko ita ta ci ni ba. Ga bayanin da na yi alkawari. Ka zauna sosai, ka sa tabarau.

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki ni kaɗai da allo ƙarami. Na ajiye wasiƙarka ta farko a kan cinya ina bi. Kaka, ko abu ɗaya ba ka kuskure ba. Kogin na nan. Kyanwar na nan a taga. Hannun mai takalmi ne ya fara miƙewa a tasha. Igiyar takalmi a wuya, hular da ke ƙasa, ƙafa ɗaya, tsintsiya. Fim ɗin da ka gani sau ɗaya kana saurayi, ka ba ni shi a jere kamar jiya ka fito daga filin. Ni da na ga sabon sau biyu ba zan iya haka ba.

Maganar ce ba ita ba. Da ya miƙa hannu, abin da ya ce da Jamusanci shi ne, "Ba ni makullin. Gidan nan ba naka ba ne yanzu." Na mayar da wurin baya na sake saurara har ma'aikaciyar ta leƙo. Mai agogo kuwa bai ce komai ba. Bayansa ma aka nuna, ba fuskarsa ba. Ya miƙa makullin, ya hau jirgi. Duk maganar taga da shara da dawowa, a kan bayan mutumin da ya yi shiru aka faɗe ta. Da ma tun farko na yi mamakin gara, don tunda na zo ƙasar nan ban ji wanda ya yi kukanta ba.

A ƙarshe kuma, ya buɗe ƙofa, ya ɗauki tsintsiya, ya tsaya a bakin ƙofar. Bai shiga ba. Aka daɗe ana nuna shi tsaye, babu kiɗa, babu magana, har allo ya yi baƙi.

Wato sabon bai juya labarin ba, labari ɗaya ne. Bambancin, masu sabon jikoki ne, suna iya nuna yatsa su ɗaga murya, don ba su ne suka karɓi makullan ba. Masu tsohon kuwa, ina jin da yawansu sun tsaya a irin wannan tasha da ƙafafunsu, masu kallonsu ma haka. Ba sa bukatar a nuna musu inda jirgin ya tafi. Na fito daga sabon ina jin haushin mutum ɗaya. Na fito daga tsohon ina tambayar kaina.

Saboda haka kanka lafiya lau yake. Abin da ka ji, ka ji shi, daga bakin Jude. Na kira Yaya Adnan na gaya masa duk wannan, ya ce zai zo ya ba ka haƙuri. Babu inda za ka sai in kai ka so.

Rauda

*

Tudun Wada
Janairu

Zuwa ga amaryata Rauda,

Assalamu alaikum. Ina lafiya daidai gwargwado. Chinazam ta dawo da doya da manja da wasiƙarki, wadda ta yi makonni kwance a wayarta ni kuwa ina nan ina yi wa hankalina ta'aziyya. Tawa ta Disamba za ta zo miki tare da wannan. Ki karanta ta ki yi mini dariya, na yafe.

Na karanta taki sau da yawa. Sai wani abu ya dawo mini wanda ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Ranar da za a nuna fim ɗin, da la'asar, na ga Bajamushen nan da Jude zaune a gindin dalbejiyar makaranta. Bajamushen yana ta bayani da Turanci yana nuni da hannu, Jude yana gyaɗa kai. Sun daɗe. Kuma da aka zo wurin tasha Jude ya faɗi abin da ya faɗa, na ga Bajamushen ya yunƙura daga kujerarsa kamar zai yi magana, ya dubi jama'a, ya koma ya zauna.

Jude ya san labarin, Rauda. Ba rashin jin Jamusanci ba ne. An gaya masa komai. Ya tsaya da lasifika a gaban unguwar da watanni kaɗan kafin nan aka fasa shagunan 'yan'uwansa a cikin garinta, ya ga bayan mutum a kan ƙyalle, ya sa masa maganar da yake so mu ji. Ashe wanda na gani ma maimaici ne. An yi na farko a Jamus, an yi na biyu a filin makarantarmu, naku na silima shi ne na uku. Na yi wa masu sabon rashin adalci da na ce sun cire mutumin, ki ba su haƙuri in kin gan su. Su sun faɗi abin da aka yi da ƙarfi. Na farko sun faɗe shi a hankali. Jude kuwa bai faɗi abin da aka yi ba, roƙo ya yi. Ban san mutum nawa suka ji ba a filin nan. Na dai san ɗaya.

Adnan ya zo, ya durƙusa har ƙasa, ya ce ya janye maganarsa, in zauna in ina so, zai nemo mai kwana da ni. Na ce ya tashi. Na ce masa zan bi shi. Ya zaci fushi ne, na ce ba fushi ba ne. A da na ƙi tafiya don kada a ɗauke ni kamar kayan da ya lalace. Yanzu da kaina zan tafi, da hankalina. Gaskiya ita ce hannuna ba ya iya tura tagar ɗakin nan kuma, ta kumbura, tun damina ban buɗe ta ba. Mai riƙon da ba ya iya buɗe taga ya kamata ya nemi wani.

Jiya da hantsi na tsallaka shagon Chinazam. Tana jera katan-katan na taliya. Na ajiye makullin a kan teburinta. Ta san labarin, don ita ke ɗaukar hoton wasiƙun nan, kuma na san tana karantawa ko da take cewa rubutuna kamar tafiyar kaza ne.

Ta ce, "Baba, ni ba danginsa ba ce. Garinmu ma ba ɗaya ba."

Na ce, "Ni ma ba danginsa ba ne."

Ta ce kakarta ma ta wannan tasha ta bar Zariya a shekarar, da goyon uwarta a baya, kuma su da suka dawo ba su sami ko kujera ba. Ban san wannan ba sai jiya, shekara da shekaru muna gaisawa. Ta juya makullin a hannunta ta ce, "To in wani ya zo ya ce shi jikan Jude ne fa?"

Na ce, "Ki tambaye shi wa ya sha wa hafsa koko. In bai sani ba ma ki ba shi, in dai kin ga alamar gaskiya."

Ta ce, "In sa kaya a ciki? Ka ga shagona ya cika."

Na ce ta sa, amma ta bar bencin inda yake. Sai na ji bakina yana cewa, "Ki riƙa buɗe taga, ki share, kada gara ta ci ƙofa. Zan dawo."

Ta juya mini baya ta ci gaba da jera taliyar da ta riga ta jera. Ina tsaye ina kallon bayanta na gane abin da ban gane ba a tasha ina saurayi: dariyar da Jude ya yi kafin ya faɗi maganar. Shi ma ya sani. Ba don zai dawo ya faɗa ba. Ya faɗa ne don ya bar mini abin da zan riƙe, kada in tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya kamar wancan mutumin.

Motar Adnan za ta zo ranar Asabar. Wannan ce wasiƙa ta ƙarshe da Chinazam za ta ɗauki hotonta, kuma ga ta nan tsaye a kaina tana cewa in yi sauri masu ciniki na jira. Daga yanzu ki riƙa turowa ta wayar Hanifa, ki ce su buga da manyan baƙaƙe.

Na ji ƙarar tagar da safen nan. Da guduma ta buɗe ta.

Kakanki,
Malam Kailani